Na Shanya Allon Fauziyya

Alhamis, 22 ga Agusta, 2013

Fauziyya ta tafi. Direban ofishin jakadanci ya zo da hantsi saboda dokar hana fita, ba mai son yamma ta riske shi a hanya. Babanta, Alhaji Sulaimanu, ya ce ta koma Abuja har gari ya lafa, sannan ta dawo ta ƙarasa jami'arta. Ni aka ce in zauna in riƙe gidan. Dama don ita aka bar ni a Alƙahira bara, da aikin Alhaji ya ƙare ya koma gida da Hajiya.

Akwati ɗaya ta ɗauka. A bakin lif ta juyo ta ce, "Inna, allona. Ki kula mini da shi. Ina dawowa sai Agami." Na ce to.

Tun daga yaye nake riƙe da yarinyar nan. Ba ni na haife ta ba, ban taɓa manta wannan ba. Amma ba mu taɓa kwana a gari daban-daban ba sai yau.

Asabar, 24 ga Agusta

Na dafa shinkafar mutum biyu. Ban lura ba sai da na zo zubawa.

Litinin, 26 ga Agusta

Na gyara ɗakinta. Allon yana ƙarƙashin gado cikin doguwar jakarsa. Shi ne wanda take tsayawa a kai igiyar ruwa ta ɗauko ta har bakin gaɓa, can Agami kusa da Iskandariyya, ni ina zaune kan yashi da tawul a cinya ina ta addu'a. Ya fi ni tsawo amma ba shi da nauyi. Fari fat, kamar ƙwai.

Alhaji bai taɓa son abin ba. Ya ce 'yar Gusau ina ita ina wasan kifi. Daga baya ya haƙura, in dai za ta rufe jikinta kuma ina wurin.

Da na zuge jakar sai wani wari ya buge ni, warin danshi da gishiri. Tun zuwanta na bayan ƙaramar Sallah ta cusa shi a jiƙe. A gidanmu duk abin da aka ajiye sai ya sha rana, katifa ce, hatsi ne, kayan cikin adaka ne. Mahaifiyata in ta ji warin nan a ɗaki ranar ba mai zama. Na goge shi na kai baranda na jingine inda rana take faɗowa sosai.

Da nake ɗaukarsa na ji hankalina ya ɗan kwanta. Abin da take so haka ba za ta bar shi a nan ta ƙi dawowa ba.

Juma'a, 6 ga Satumba

Na tsara masa lokaci. Da safe in fitar, bayan azahar in juya ɗaya gefen don kada wani ɓangare ya fi wani shan rana, bayan la'asar in shigar. Warin ya tafi tuni, amma na ci gaba, ko akwai sauran danshi a ciki da hancina ba ya ji.

Hussain, bawab ɗin gidanmu, wato mai gadi, ya ɗaga kai daga ƙasa ya ce, "Ya hajja, jirgin ruwa za ki buɗe a hawa na huɗu? Ki ajiye mini kujerar gaba." Na yi dariya. Shi kaɗai na yi magana da shi yau, in ban da mai burodi.

Talata, 10 ga Satumba

Fauziyya ta kira. Abuja ruwa ake ta yi, ta ƙoshi da tuwo, layin yana yankewa. Na tambaye ta ko tana shan maganin ƙurjinta. Ta ce, "Inna, na girma fa."

Litinin, 16 ga Satumba

Akwai matsala.

Zaren robar da take ɗaurawa a ƙafa, tun farko na naɗe shi na bar shi a kan allon. Yau na ɗage shi don in share ƙura, sai ga zobe fari tas a inda yake kwance. Sauran jikin duk ya koma ruwan man shanu. Kullum ina kallonsa, ban gani ba, sai da zoben nan ya nuna mini yadda yake a da.

Na ce ko idona ne. Na ɗauko farin faranti na ɗora a kai. Ba idona ba ne.

Laraba, 18 ga Satumba

Na yi ta tunani. Ina ganin danshin ciki ne zafi yake korowa waje, shi ya sa launin. In haka ne bai gama bushewa ba ke nan. Amma kuma kada ƙura ta ƙara masa, motocin unguwarmu ta Muhandisin ba sa hutawa. Na rufe shi da jar atamfata mai furanni na bar shi a barandar ya ci gaba da shan zafi.

Ban tabbata ba. Ba wanda zan tambaya.

Asabar, 21 ga Satumba

Inna lillahi. Kakin da take gogawa a samansa don kada ƙafa ta zame ya narke, ya kama zanen. Da na ɓamɓare sai ga furannin atamfata ja-ja a jikin allon, har da ganyayen, kamar an buga da gangan.

Na shigar da shi falo. Na zauna a ƙasa kusa da shi har aka kira magariba.

Alhamis, 26 ga Satumba

Ina gwada abu ɗaya-ɗaya, a ɗan wuri can wajen wutsiya inda ba a gani sosai, kuma sai na bari ya bushe kafin in gwada wani. Garin sabulu bai yi komai ba. Lemon tsami da gishiri, wanda yake fitar da tsatsa a farin yadi, bai yi komai ba. Hussain ya ce matarsa ta ce kilor, ruwan da suke wanke bene da shi. Na ɗiga kaɗan. Wurin ya dushe, ƙyallin ya tafi, launin yana nan. Na tsaya haka.

Abu ɗaya aka ce in kula da shi. Kujerun da firijin na mai gidan haya ne, ba su ba ne amanar.

Juma'a, 27 ga Satumba

Fauziyya ta kira, ba ta tambayi allon ba. Na ji daɗi. Bayan na ajiye wayar kuma sai na rasa dalilin da ya sa ba ta tambaya ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na je kasuwar Ataba neman farin fenti. Mai shagon ya ce na katako ko na ƙarfe ko na bango? Na ce ban sani ba. Ya ce to me za a shafa wa? Larabcina bai kai nan ba, na yi ta kwatance da hannu, shi da yaransa suna kallona. Na fito ban saya ba.

A layin masu kayan yaji na ji wata tana faɗa da kanta da Hausa, wai kanumfarin nan an gauraya shi da itace. Na yi mata sallama, ta kama hannuna kamar ta san ni. Sunanta Dije, 'yar Damagaram, mijinta Malam Zubairu yana karatun addini. Tana yi wa ɗalibai tuwo da masa a unguwar Abbasiyya. Da ta ji inda nake ta ce, "Yaya Shafa'atu, ke kaɗai a wannan ƙaton gida? Ko aljana tana da maƙwabta." Ta karɓi wayata ta sa lambarta da kanta, ta ce in zo Sallah.

Surutunta ya yi yawa. Amma har na hau jirgin metro ina jin Hausarta a kunnena.

Talata, 15 ga Oktoba

Babbar Sallah. Ban je wurin Dije ba, na ce kada a kira wayar gida ba na nan. Hussain ya hawo mini da nama a leda. Fauziyya ta turo hoto da yamma, leshi shuɗi, an yi mata kitso ƙanana. Ban san hannun wa ba ne. An ja mata gaban goshi da yawa.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na daure na kira Godiya, ƙawarta da suke zuwa Agami tare, wadda babanta yake ofishin jakadanci har yanzu. Na ce ta rufa mini asiri kada ta faɗa. Ta zo da la'asar.

Da ta ga furannin ta toshe baki, ta yi ƙoƙari, dariyar ta ƙwace. "Mama, kin yi masa anko ne?" Ni ban yi dariya ba, sai ta nutsu ta zauna.

Ga abin da na fahimta, ina rubutawa don kada in manta. Cikin allon wani farin soso ne mai tauri, an lulluɓe shi da wani abu kamar gilashi. Rana ce take mayar da su duka biyun rawaya, a hankali, ko ta taga ta shigo. Ko wanda ake hawa kullum yana yi, amma shekaru yake ɗauka. Ni na yi masa na shekaru a 'yan makonni, kuma gefe biyu daidai wa daida saboda juyawar da nake yi. Ta ce na ma yi sa'a zafin bai ɗaga fatar ta rabu da soson ba. Ta bi shi da tafin hannu tana dannawa, ta ce bai kumbura a ko'ina ba.

Na ce to warin fa? Ta ce nan na yi daidai, ba a ajiye shi a jiƙe cikin jaka, yana yin tabo. Amma ɗauraye shi ake yi da ruwan famfo a fitar da gishirin, a bar shi ya bushe a inuwa. A inuwa. Ta faɗa sau biyu. Sannan a kankare kakin in za a daɗe ba a hau ba, a mayar jaka, a sa shi wuri mai sanyi nesa da taga. Ba a rufe shi da zane mai rini, ba a naɗe shi da jarida.

Ta nuna mini wani tabo ruwan ƙasa kusa da hancinsa da ɗan tsagu a tsakiya. Ta ce wannan ba ni ba ce, Fauziyya ce ta buga shi a dutse, ruwan teku ya shiga soson ya rina shi. Na ji wani sanyi da bai kamata in ji ba.

Na tambaye ta fenti. Ta ce, "Mama, don Allah kada ki ƙara taimakonsa."

Na tambaye ta ko zai koma fari. Ta ce furannin za su fita tare da kakin. Rawayar kuma, ta sama-sama za ta ɗan ragu in an goge, ta ciki ta zauna ke nan. Ta ce ruwa bai damu da launi ba, zai yi gudu yadda yake yi.

Ruwa bai damu ba. Ba ruwa ne ya ba ni ajiya ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Na kankare kakin da tsohon katin waya, kaɗan-kaɗan, yadda Godiya ta nuna mini. Furannin sun tafi, alhamdu lillahi. Ta aiko da wani farin man gogewa a gwangwani, na bi umarninta, hannuna har ya yi tsami. Ya yi ƙyalli. Launin kamar ya ɗan sauka, ko kuma so nake ya sauka. Zoben yana nan.

Na ɗauraye, na busar a falo da labule a sake, na mayar jaka na bar bakin zip ɗin a ɗan buɗe don iska. Yana lungun koridon yanzu, nesa da taga, nesa da tukunyar ruwan zafi. Kullum da safe ina sa hannu ciki in ji ko akwai danshi.

Da na san wannan tun Agusta. Abu mai sauƙi haka.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

An ɗage dokar hana fita jiya. Na wanke zanen gadon Fauziyya, na sayo man zaitun da cukun da take so. Na kira Hajiya na ce gari ya lafa, har masu shayi sun dawo bakin titi. Ta ce, "To Shafa, Alhaji yana duba lamarin." Sai ta shiga ba ni labarin bikin 'yar ƙanwarta.

Talata, 26 ga Nuwamba

Cukun ya lalace, na zubar.

Juma'a, 13 ga Disamba

Sanyin da ban taɓa ji ba a garin nan. Hussain ya rantse ƙanƙara ta sauka a bayan gari. Dije ta kira ta ce in ban zo yau ba za ta turo Malam da ɗalibai su ɗauko ni da kujerar da nake kai. Na je.

Ɗaki biyu ne da ɗan kicin a hawa na ƙarshe, hayaƙi ko'ina, takalma a bakin ƙofa kamar masallaci. Ƙullin masarta ya yi ruwa, kuma tana juyawa tun gefen bai kama ba. Ban yi niyyar magana ba, hannuna ne ya karɓi cokalin. Ta ce, "Au, ashe malama muka samu. Yalla, maza ga tanda, ni bari in huta." Ta zauna kan bokiti tana ba ni labarin kowa.

Ɗaliban suna ce mini Mama. Wani ɗan Sakkwato ya ci, ya ce tun da ya zo ƙasar nan bai ci irinta ba. Wataƙila haka yake gaya wa kowa.

Na ba Dije labarin allon. Ta ce, "Yanzu katako ne ya hana ki barci wata huɗu?" Na ce ba katako ba ne. Ta dube ni, ta bar maganar a nan, abin da ban zaci ta iya ba.

Laraba, 8 ga Janairu, 2014

Na faɗa mata.

Na shirya maganar tun safe, yadda zan fara da warin, sannan rana, sannan zanen. Da ta ɗauka na ce, "Fauziyya, akwai abin da na yi wa allonki." Na faɗa duka ban tsallake ko kilor ɗin ba. Ina jiran ta yi fushi. Na ma fi son ta yi.

Ta yi dariya. Ta ce, "Inna, kin shanya shi kamar kuka? Wayyo cikina." Sannan ta ce ma'alish, ba komai, duk allo haka yake yi, kada in damu kaina. Ta ce, "Ki ba Godiya ma kawai, ta daɗe tana sonsa."

Na ce in na ba Godiya ke kuma da wanne za ki hau?

Sai ta ce ai ta zaci Momi ta gaya mini. An sama mata gurbi a wata jami'a a Abuja tun Nuwamba, har ta fara shiga aji. Ta ce, "Ke ma ai dawowa za ki yi, Inna. Ina kewarki wallahi." Na san da gaske take. Wata ta kira sunanta daga nesa, ta ce za ta sake kira.

Tun Nuwamba.

Juma'a, 10 ga Janairu

Na sa hannu a jakar da safe. A bushe yake. Ban san wa nake duba wa ba.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Hajiya ta kira da kanta. Za a mayar wa mai gida makullinsa ƙarshen Maris. In tattara littattafan Fauziyya da kayan sawarta a aika. Ni kuma za a yanka mini tikiti. Ta ce sun ɗauki wata mata tana yi musu girki, tana ɗakina na da, amma za a gyara mini na baya, in zo in huta, na yi musu wahala da yawa. Cikin mutunci ta faɗa, ba zan ɗauki alhakinta ba.

In huta in yi me? Fauziyya a makaranta take kwana.

Ina zuwa wurin Dije Talata da Juma'a yanzu. Na gaya mata. Ta ce akwai ɗan ɗaki a maƙwabtansu, matar gidan tana neman mace mai natsuwa, kuma Malam ya san hanyar sabunta iƙama, takardar izinin zama. Na ce ni ba zama na zo yi ƙasar nan ba, riƙon yarinya na zo yi. Ta ce, "Tamam, na ji. Miƙo mini yis ɗin."

Asabar, 22 ga Fabrairu

Godiya ta zo da motar babanta. Na fito da shi na buɗe jakar don ta gani da idonta, ba danshi, ba sabon tabo. Na ce ta ɗauraye shi duk lokacin da ta fito daga ruwa, ta busar a inuwa, kada ta bar shi a kan mota rana tana dukansa, tsagun nan kuma a toshe kafin ya sake shiga teku. Ta ce, "Mama, ni fa na koya miki." Na ce na sani, ina dai faɗa ne.

Bai shiga lif ba, sai ta matakala. Ni na riƙe wutsiyar, Hussain yana gaba yana ta ba da umarni ba ya ɗaukar komai. A hasken titi ya fi yadda nake gani a cikin gida rawaya. Bai yi muni ba. Godiya ta ce in bi su Agami wani satin, na ce a'a, na gode.

Na share lungun koridon.

Alhamis, 27 ga Maris

Abbasiyya. Kayan Fauziyya sun tafi, na ba Hussain makulli da tukwane biyu na matarsa. Na kawo akwatina ɗakin nan na maƙwabtan Dije kafin a san abin yi. Ƙarami ne, tagar tana kallon bango, ana jin metro.

Hajiya ta tambayi ranar da za a sa a tikitin. Na ce a ɗan dakata sai ɗaliban sun gama jarrabawa, Dije ba za ta iya ita kaɗai ba, ga shi mun ƙara da miyar taushe. Bayan jarrabawa kuma azumi ne, da buɗa-bakin mutum da yawa. Ba wai na ƙi komawa ba ne.

Fauziyya ta kira ɗazu ina kan tanda, hannuna duk ƙulli. Na ga sunanta har wayar ta yi shiru. Zan kira ta gobe in na samu sarari. Shinkafar gobe ban jiƙa ba tukuna.